Tambayoyi da amsoshi kan haɗa sheng, abin busan Sinawa, da katako

Yawancin mutane in suka ga hoton sheng tambayar farko da ke fitowa ita ce wane katako ne wannan kuma a ina ake samunsa. Toh ga tambayoyin da masu sha'awar sassaƙa da kayan busa suka fi yi, na haɗa su wuri ɗaya. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an yi haƙuri da ni don dole sai na ja su.

Wai mene ne sheng ɗin nan tukuna?

Abin busa ne na ƙasar Sin. Ƙasansa wani ɗan akwati ne rufaffe da iska ke taruwa a ciki, da baki a gefe inda ake hurawa, a samansa kuma an kakkafa bututai na gora a tsaye an jera su a zagaye. Kowane bututu a gindinsa, can cikin akwatin inda ido ba ya gani, akwai siririn fallen tagulla da aka yanka masa harshe, harshen nan shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Na gargajiya da aka fi sani bututu 17 gare shi amma ba duka ke magana ba, sau da yawa 13 ko 14 ne ke da harshe, sauran an sa su ne kawai don siffa ta cika. Su Sinawa suna cewa siffar ta tsuntsun almararsu ce, fenghuang, in ya naɗe fikafikai, shi ya sa za ka ga tsayin bututan ya hau ya sauka iri ɗaya ta hagu da ta dama.

Abu biyu ne suka sa ya fita daban. Na ɗaya, mutum ɗaya zai iya fitar da sauti uku ko huɗu a lokaci guda. Na biyu, ko ka hura ko ka zuƙa sautin dai shi ne, ba ya canzawa, don haka mai busa ba ya tsayawa jan numfashi, jan numfashin ma kiɗa ne.

Ya daɗe ne, ko dai abin zamani ne?

Ya daɗe sosai fa. A rubutun da aka samu a jikin ƙasusuwa na zamanin daular Shang, sama da shekara 3000 ke nan, akwai sunayen da masana ke dangantawa da irin wannan abin busa. Amma wanda aka gani da ido aka taɓa da hannu, a 1978 aka tono kabarin wani basarake Yi na ƙasar Zeng a Suizhou, lardin Hubei, wanda aka binne wajen shekara ta 433 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka tarar da sheng a cikin kayansa, akwatin na duma, harsunan na gora. A Mawangdui kuma, a Changsha, inda aka yi tono a farkon shekarun 1970, an samu babban yayansa da ake kira yu mai bututu 22, na zamanin daular Han. Har yanzu a taskar Shosoin da ke Nara a Japan akwai irinsu na ƙarni na 8 a ajiye.

Daga Sin ya yaɗu, Japanawa na da nasu sho, Koriyawa na da saenghwang, a Laos da arewa maso gabashin Tailan akwai khaen wanda ɗan dangi ne duk da ginin ya bambanta.

Malam, to in da duma ake yi tun asali, me ya kawo katako?

Duma ne asali, shi ya sa ma a tsohon rabon kayan kiɗa da Sinawa suka yi gida takwas, wato ƙarfe, dutse, siliki, gora, duma, yumɓu, fata da katako, sheng a gidan duma yake har yau ko da babu ɗigon duma a jikinsa. Matsalar duma duk wanda ya san ƙwarya ya sani, yana fashewa, ga shi ba ka isa ka ce masa ga girman da zai yi ba, kuma ka huda rami 17 kusa da kusa a kansa ka ga abin da zai rage. Daga wajen zamanin daular Tang, 618 zuwa 907, aka koma yin akwatin da katako. A ƙarni na 20 kuma masana'antu suka koma tagulla, mafi yawan wanda za ka gani ana sayarwa yanzu akwatin ƙarfe ne mai ƙyalli.

Amma na katakon bai mutu ba. A Henan da Shandong akwai sheng mai akwati mai kusurwa huɗu na katako, bututansa a jere layi-layi ba a zagaye ba. Sannan ga lusheng na ƙabilar Miao a Guizhou, bututu shida, akwatinsa dogon itace ne da ake tsagawa biyu a rarake cikin a sake haɗawa a ɗaure da zobba, har a 2006 gwamnatin Sin ta sa sana'ar haɗa shi cikin jerin al'adun gado na ƙasa, gundumar Leishan na daga wuraren da suka yi suna da ita.

Wannan harshen, iri ɗaya ne da na algaita?

A'a, kuma nan ne kan maganar gaba ɗaya. Na algaita fallaye biyu ne suna bugun juna, su buɗe su rufe. Na sheng ba ya bugun komai. Ana ɗaukar fallen tagulla ɗaya a yanka masa gefe uku, dogaye biyu da gajere ɗaya, a bar na huɗun a manne, sai ya zama harshe a kwance cikin tagarsa daidai wa daida. In iska ta matsa shi sai ya shige ta cikin tagar ya dawo, ya wuce ta wancan gefen ya dawo, kamar ƙofar da ke buɗewa ciki da waje ba ta da matokari. Tunda a tsakiya yake zaune bai karkata ko'ina ba, shi ya sa hura da zuƙa duk ɗaya ne a wajensa.

Wanda ya fi kusa da algaita a kayan Sinawa shi ne suona, kuma abin sha'awa a ƙauyukan arewacin Sin tare ake busa su a biki da jana'iza, suona na tsala ihu a sama, sheng na bin sa a ƙasa yana cike masa gurbi.

Tunda iska na isa ga duk harsunan a lokaci ɗaya, me ya sa ba sa yin kuka tare?

Wannan ita ce dabarar da ta fi burge ni. Kowane bututu yana da ɗan rami ƙarami kusa da gindinsa, sama da akwati kaɗan, inda yatsa ke kaiwa. Harshen ba ya iya kaɗawa shi kaɗai sai iskar da ke cikin bututun ta amsa masa, ma'ana sai tsayin iskar da ke cikin bututun ya dace da sautin da aka saita harshen a kai. In ramin yatsa a buɗe yake toh bututun ya zama guntu ke nan a wajen iska, babu jituwa, harshe ya yi shiru. Kana toshe ramin sai bututun ya koma cikakken tsayinsa, su daidaita, sauti ya tashi nan take.

Kenan abu biyu kake saitawa ga kowane sauti ba ɗaya ba, harshe da bututu, kuma dole su yarda da juna. Harshe mai kyau a bututun da bai dace ba ko dai ya yi gum, ko ya fito a shaƙe, ko kuma ya riƙa magana tun ba ka toshe ramin ba.

Kenan bututu mafi tsayi shi ke ba da sauti mafi kauri?

Ba lallai ba. Tsayin da kake gani a waje ado ne. A bayan kowane bututu, ta ɓangaren da ke kallon ciki, ana yanka wata doguwar taga, kuma daga harshe zuwa wannan tagar shi ne tsayin gaskiya, abin da ya rage a sama banza ne a wajen sauti. Don haka kana iya ganin dogon bututu yana fitar da siririyar murya. Ga mai haɗawa wannan rahama ce, ka zana siffarka yadda kake so, daga baya ka yanka taga inda kunne ya ce.

Wane katako ya fi dacewa?

Toh mun zo wurin da kowa ke so. A Sin masu tsada ana yin su da jan katako mai nauyi da suke kira hongmu, ko baƙin katako, bututai kuma da wata gora mai duhu da suke kira zizhu. Amma gaskiyar magana katakon akwati ba shi ke yin sautin ba, aikinsa ya riƙe iska kar ta zurare, ya riƙe bututai kar su yi rawa, ya jure danshin numfashi ba tare da ya tsage ba. Duk katakon da ya cika waɗannan ya wadatar. Abin da za ka duba shi ne ya bushe sarai, ƙwayarsa a matse take ba mai manyan ƙofofi ba, ba shi da gaɓa ko tsaga, kuma ba ya wari ko ɗaci don bakinka zai taɓa shi kuma iskar cikinsa za ka zuƙa zuwa huhu.

A kayanmu na gida kanya tana da tauri da matsatsiyar ƙwaya, dangin baƙin katako ce ma. Kirya ma tauri ne da ita har ya yi yawa, za ta ci maka bakin cizal. Maɗaci yana da daɗin aiki amma sunansa ya gaya maka matsalarsa, in za ka yi akwati da shi toh bakin busawar a yi shi da wani abu daban. Ni dai ra'ayina na farko kar ka ɓata katako mai tsada, ka samu guntayen da kafintoci suka rage ka yi ta gwaji.

Na ji an ce madobiyarmu ma Chaina ake kai ta, ita ce hongmu ɗin?

Tana cikin jerin itatuwan da suke lissafawa a matsayin hongmu, e. 'Yan kasuwa na kiranta koso, kuma shekarun baya an yi ta sare ta ba ƙaƙƙautawa a Taraba da Kogi da wasu wurare ana lodawa zuwa Sin, galibi don kujeru da gadaje ba don kayan kiɗa ba. Ɓarnar ta yi yawa har aka sa ta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, tun 2017 fitar da ita sai da takarda, daga baya ma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Akwatin sheng bai kai girman dunƙulen hannu biyu ba, tsohon guntu daga ƙafar kujera da ta karye ya ishe ka, babu dalilin da zai sa a kayar da bishiya saboda shi.

Zagayayye zan yi ko mai kusurwa huɗu?

In kana da injin da ke juya katako ana sassaƙa shi, yi zagayayye, ya fi kyau a ido kuma ya fi zama a tafin hannu. In kuwa zarto da cizal da diril ne kawai jarinka, yi mai kusurwa huɗu irin na Henan, ba abin kunya ba ne, gargajiya ce ita ma. Ramuka a layi miƙaƙƙe sun fi sauƙin aunawa nesa ba kusa ba.

Ko wanne ka zaɓa gini ɗaya ne, ƙasa rarakakke, sama murfi mai kauri da ramukan bututai, gefe kuma baki. Murfin nan kar ka yi masa rowar kauri, shi ke riƙe da gindin bututai, in ya yi siriri za su yi ta lilo iska na fita. Cikin akwatin kuma kar ka rarake shi ya yi faɗi da yawa wai don iska ta samu wuri, in ɗakin ya yi girma sai ka hura ka jira kafin sauti ya zo, kuma numfashinka zai ƙare a cika fili. Ya dai isa harsunan su rataya ba su taɓa bango ko ƙasa ba, shikenan.

Ya ake haɗa bututu da akwati, gam ake sawa?

Kul, kar ka sa gam. Dole bututu ya zama ana iya zare shi don harshe na buƙatar gyara lokaci-lokaci. Yadda ake yi, kowane bututu ana yi masa ƙafa ta katako mai tauri, samanta a soke cikin gorar a manne, ƙasanta kuma a fiƙe ta ta riƙa sirancewa, ramin murfin shi ma a yi shi da irin wannan sirancewar yadda in ka danna sai ta zauna dam babu kafar iska. A gefen ƙafar, ɓangaren da zai shige cikin akwati, ana shafe wuri ya yi sumul a huda taga zuwa ramin tsakiya, a nan harshe ke zama. Ƙarshen ƙafar a toshe yake, iska ba ta da hanya sai ta harshe.

Wannan fiƙewar ita ce aikin kafinta na gaske a duk sheng ɗin, ba kwalliyar waje ba. Dabara mai sauƙi, ka shafa fensir ko alli a jikin ƙafar ka murɗa ta cikin ramin ka zare, inda ya goge nan ne ke taɓawa, ka rage nan da sandfefa, ka maimaita har sai ya goge ko'ina. Bayan an jera bututan ana zagaye su da wani zobe a tsakiya ya riƙe su tare.

Ba ni da irin gorarsu, zan iya yin bututan da katako?

Za ka iya, su kansu masana'antun Sin na yin wasu da bututan jan katako. Wahalar ita ce huda dogon rami siriri a miƙe, bakin diril na son ya kauce ya ɓullo ta gefe. Hanya biyu ce, ko ka huda ramin tun katakon na da kauri sannan ka sassaƙe wajen ya bi ramin, ko ka tsaga shi biyu ka fafe kwari a kowane ɓari ka sake mannewa. Ta biyun ta fi sauƙi amma layin gam ɗin dole ya zama babu ko ƙofar allura. Ramin ba babba ba ne, wanda fensir zai shiga ya isa ka fara da shi.

Gorarmu ta gida sau da yawa namanta kauri ne da shi, ramin ƙarami, wata ma kusan a cike take, sai ka zaɓa da kyau ka kuma fasa gaɓoɓin ciki ka goge. Don gwaji kuwa wallahi bututun roba ko na alminiyam ma ya yi, harshe bai damu da asalin bututu ba, tsayi da faɗin rami ya sani.

To harshen fa, da me ake yi kuma ta yaya?

A Sin da wata tagulla mai amo ake yi, irin haɗin da ake ƙera faifan ƙarfen da suke bugawa. Abin da ake nema shi ne ƙarfe mai tsalle, wanda in ka lanƙwasa shi kaɗan zai dawo inda yake. Jan ƙarfe zalla ya yi laushi, lanƙwashewa zai yi ya zauna. Ka nemi fallen tagulla siriri, ƙasa da rabin milimita, ka yanka ɗan guntu, ka ɗora a kan ƙarfe mai santsi, ka yanka gefe ukun da cizal ƙarami mai kaifin gaske ko wuƙa ana bi a hankali sau da yawa. Sannan kankara, ana kankare harshen har ya yi siririn da numfashi kaɗan zai motsa shi, shi kuma firam ɗin da ke zagaye a bar shi da kaurinsa.

Inda ake faɗuwa shi ne tazarar da ke tsakanin harshe da firam. In ta yi faɗi iska za ta bi ta nan ta tsere, ka yi ta hura kamar za ka suma babu sauti. In ta matse harshen zai kama gefe ya maƙale ko ya yi ta ƙara mara daɗi. Ka ɗaga shi ka kalli haske ta ciki, abin da kake so shi ne siririn zaren haske iri ɗaya a duk gefe ukun. Kuma harshen ya kwanta daidai da firam, bai leƙo sama ba bai nutse ƙasa ba, in ya karkata zai yi magana in ka hura ya ƙi in ka zuƙa, ko akasin haka.

Kar ka yi tsammanin na farko zai yi. Yanka da yawa za ka yi ka zubar da da yawa, ka sayi fallen da ya fi abin da kake zato.

Ba zan iya ciro na tsohuwar hamonika ko akodiyon in sa ba?

Su ma harshe ne mai shigewa ta taga, dangi ne, amma an ɗora shi ne a saman tagar an buga masa ƙusa, ba a cikinta yake kwance ba, don haka ɓangare ɗaya kawai yake aiki. Shi ya sa a hamonika harshen hura daban na zuƙa daban. In ka sa shi za ka samu sauti ta hanya ɗaya, kuma zai riƙa kuka ko ka toshe rami ko ba ka toshe ba tunda shi an yi shi ne ya yi magana ba tare da bututu ba. Ana sayar da harsunan sheng haɗaɗɗu daga Sin, in burinka aikin katako ne kawai ka sayo su ka huta, babu laifi.

Tunda an ambace su, wani ɗan mishan Bafaranshe Amiot ya aika sheng zuwa Paris a 1777, ba da daɗewa ba Turawa suka shiga gwaje-gwaje da irin wannan harshe, Cyrill Demian ya yi rajistar akodiyon a Vienna a 1829, Alexandre Debain kuma ya yi ta hamoniyam a Paris a farkon shekarun 1840. Da yawa na ganin sheng ne ya buɗe musu ido.

Wannan koren abin da jan ɗigon da nake gani a kan harshe, fenti ne?

Ba ado ba ne ko kaɗan. Koren wani dutse ne mai sinadarin jan ƙarfe da ake gogawa a kan faranti na tagulla da ɗan ruwa har ya zama kunu, a shafa a harshen, a hura a hankali yana bushewa don kar ya manne. In ya bushe sai ya cike wannan tazarar ta gefe ya rage zurarar iska, kuma ka tuna duk harsunan na shan iska lokaci ɗaya, in kowanne na yoyo kaɗan sau 14 ai ka ga an gama da kai. Jan ɗigon kuma kakin zuma ne da aka haɗa da wani jan ma'adini mai nauyi, da shi ake saita sauti. Shi fallen gaba ɗayansa ana manne shi a ƙafar bututu da kakin zuma haɗe da ƙaron itacen fayin, irin wanda masu goge na Turawa ke shafa wa izgarsu, a narka da bakin ƙarfe mai zafi a bi gefe-gefe.

Gargaɗi a nan, wannan jan ma'adinin akwai sinadarin makyuri a cikinsa, wasu kuma dalma suke sawa a harsunan manyan sauti. Abu ne da za ka riƙa zuƙar iska ta kansa. Kakin zuma zalla ko da ɗan garin tagulla a ciki zai yi maka aikin, ka bar dalma da makyuri.

Ya ake saita sautin?

Ƙa'idar ba ta da yawa. Ƙara nauyi a bakin harshe, sauti ya sauka. Rage nauyin, ya hau. Kankare kusa da baki yana ɗaga shi, kankare kusa da gindi yana saukar da shi don ya rage masa tauri. Da kankara ake kawo shi kusa, da kaki ake ƙarasawa, kuma ɗigon da ido da ƙyar ke gani yana iya canza sauti a ji. Ka sauke manhajar saita sauti a waya, ka tsayar da ma'auninka, wato yawan kaɗawar sautin da ake auna sauran da shi a cikin daƙiƙa ɗaya, a 440 ko 442 wanda ƙungiyoyin kiɗa da yawa ke amfani da shi, ka tsaya a kan ɗaya.

Bututu kuma gwaji ne. Ka manna harshen a ƙafa, ka soka wani bututun gwaji mai tsayi, ka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan ko ka yi mai zamewa ɗaya cikin ɗaya, har ka kai inda sautin ya fito da ƙarfi da iska kaɗan. Ka auna nan, shi ne inda tagar bayan za ta fara. In ka zo yankawa a bututun gaske ka fara daga sama da wurin ka riƙa saukowa, don abin da ka yanke ba ya dawowa. Bayan an haɗa duka a sake bi, don a gargajiyance ba a busa sauti ɗaya shi kaɗai, ana haɗa shi da na biyar ko na huɗu daga gare shi a jerin sautuka, ko takwaransa na sama, in ɗaya ya kauce kaɗan za ka ji suna karkarwa a kunne.

Zan shafa masa banish a ciki?

Ciki na buƙatar kariya daga danshi amma ba banish mai warin fetur ba, huhunka ne zai sha. Narkakken kakin zuma a shafa a bari katako ya tsotse ya wadatar. Sinawa da Japanawa na amfani da ruwan wata bishiya da ke ba da wannan baƙin ƙyallin, sai dai ɗanyensa na sa ƙaiƙayi da kumburin fata sosai kuma sai a wuri mai danshi yake bushewa, ba abin da sabon shiga zai fara da shi ba ne.

Yanayinmu ba zai lalata shi ba?

Zai gwada. Kakin zuma na narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, amma tun kafin nan yake laushi, ka bar sheng a mota a rufe a watan Afrilu ka dawo ka tarar ɗigon saiti ya zame harsuna sun saki. Hunturu kuma na tsotse katako da gora, ƙafafu su yi sako-sako, gora ta tsage, ga ƙura da ke shiga tazarar harshe, ƙwaya ɗaya ta isa ta sa shi shiru. A ajiye shi cikin jaka ko akwati a inuwa, a kurkure baki kafin busawa.

Da sanyin safiya kuma numfashi mai ɗumi na zama raɓa a kan ƙarfe mai sanyi, harshe ya yi nauyi ya ƙi tashi. Shi ya sa masu busa sho a Japan ke ɗumama shi a kan kaskon gawayi ko hita kafin su fara da kuma bayan sun gama, a Sin ma akwai sheng da ake yi wa wurin zuba ruwan ɗumi a jikin akwatin.

Bututu nawa zan fara da shi, 17 ɗin?

Ɗaya. Da gaske nake. Ɗan ƙaramin akwati, rami ɗaya, ƙafa ɗaya, harshe ɗaya. In ya yi magana da hura da zuƙa, ya yi shiru in ka ɗaga yatsa, toh ka iya sheng, saura maimaici ne. Daga nan ka je biyar ko shida irin lusheng, ka ɗauki sautuka biyar ɗin da kiɗan Sin ya fi yawo a kansu. In kuma kana son abin da za ka busa waƙa da shi da wuri, akwai bawu na Yunnan, bututu ɗaya harshe ɗaya da ramukan yatsu, ana riƙe shi a gicciye, ko hulusi mai kan duma na ƙabilar Dai, sai dai su harshensu ɗan tsini ne da shi kuma ana ɗaga bakinsa kaɗan, hura kawai ake yi ba a zuƙa.

Manyan na zamani masu harshe 21 irin wanda Hu Tianquan ya yi suna da shi a shekarun 1950, ko masu 36 da maɓallai da bututan ƙarfe na ƙara sauti, wannan aikin masana'anta ne, a bar musu.

Na gama haɗawa amma babu sauti sam, ina zan fara dubawa?

Iska tukuna. Zare bututai, toshe ramukan murfi da yatsu ko kaki, ka hura, in iska na wucewa akwatin ne ke yoyo, shafa ruwan sabulu a layin gam za ka ga kumfa inda take fita. In akwati lafiya, mayar da bututu ɗaya, sauran ramukan a toshe. Bai yi ba, duba kakin da ke gefen fallen ko akwai ƙofa, sannan ka taɓa harshen da bakin allura a hankali ka ji ko ya maƙale. In yana motsi amma shiru, sa yatsa ka rufe wani ɓangare na tagar bayan ko ka ɗora guntun takarda ka ƙara wa bututun tsayi, in sauti ya taso toh tagar ce ka yanka ta yi ƙasa da yawa, sai ka cike ƙasanta da kaki ka sake gwadawa.